Tsamin jiki, targaɗe da nauyin ƙafa: yadda ake taimaka wa jini ya gyara tsoka

Duk wanda ya taɓa riƙe garma a huɗar farko bayan ya sha hutun rani, ko ya koma fili bayan wata uku bai taka leda ba, ya san abin da ke biyo baya. Ranar da aka yi aikin garau kake. Washegari cinyoyi su fara gunaguni. Rana ta biyu kuwa ruku'u ya zama aiki, sauka daga bene sai da dafa bango. A nan shawarwari ke fara zubowa: wannan ya ce sa ƙanƙara, wancan ya ce gasa da ruwan zafi, kawunka ya ce a kira wanzami, yaron kemis ya miƙo maka ƙwayoyi kala uku a leda. Kusan kowace shawara a cikinsu tana da lokacin da take amfani, tana kuma da lokacin da take ɓarna. Matsalar ita ce babu mai gaya maka wacce ake farawa da ita.

Ƙanƙara da tausa da man zafi ba su ɗinke tsoka. Jiki ne ke ɗinkinsa da kansa, jini kuma shi ne ɗan aiken da ke kai kayan gyara ya kwaso tarkace. Zuciyar babban mutum tana harba kusan lita 5 na jini a minti ɗaya in yana zaune, in ya shiga aiki mai ƙarfi ta kai lita 20 ko fiye, mafi yawa kuma tsokoki ne ke karɓa. Idan zaren tsoka ya ɗan tsage, kwanakin farko na kumburi ne, lokacin da jiki ke share abin da ya lalace. Daga nan wasu ƙwayoyin halitta da ke kwance a gefen zaren tsoka, waɗanda Alexander Mauro ya gano a 1961, su farka su shiga gini. Wannan kan ɗauki makonni. Sai ƙarfafa sabon naman, wanda kan ja watanni. Duk abin da za ka yi daga waje, ko dai ya share wa wannan aiki hanya, ko ya tare ta.

Mataki na farko: gane abin da ke damunka

Kafin ka taɓa ƙanƙara ko tawul, zauna ka yi wa kanka tambayoyi. Wannan matakin ne mutane suka fi tsallakewa, shi ne kuma ya fi sauran muhimmanci.

Idan ciwon bai zo lokacin aikin ba, sai bayan awa 12 zuwa 24, ya kama ɓangarori biyu kusan daidai, ya fi tsanani a rana ta biyu ko ta uku, yana kuma sassautawa in ka ɗan yi tafiya, to tsamin jiki ne. Yakan wuce da kansa cikin kwana 5 zuwa 7. Ya fi zuwa bayan aikin da tsoka ke riƙe nauyi tana miƙewa, irin su gangarowa daga dutse, sauke buhu a hankali, ko tsayawa farat ɗaya cikin gudu. Za ka ji masu horarwa suna cewa wani sinadari mai tsami ne ya taru a tsoka, sai an matse shi ya fita. Ba haka ba ne. Wannan sinadarin jiki kan kwashe shi cikin kimanin awa ɗaya da tsayawa, tun kafin ciwon ya fara.

Idan kuwa za ka iya faɗin daidai lokacin da abin ya faru, ka ji kamar an tsinka wani abu ko an jefe ka da dutse a sharaɓa, wuri ɗaya ne za ka iya nunawa da yatsa, ya kumbura ko ya yi duhu, to rauni ne: tsoka ta yage ko gaɓa ta yi targaɗe. Ƙaramin yagewa kan warke cikin mako 1 zuwa 3, matsakaici ya kai wata ɗaya zuwa biyu, wanda ya tsinke gaba ɗaya kuma wani lokaci sai an yi tiyata.

Game da idon sawu akwai gwaji mai sauƙi da likitoci suka tsara a birnin Ottawa na Kanada a farkon shekarun 1990. Za ka iya taka ƙafar taku huɗu, ko da ɗingishi? In an danna ƙashin idon sawu ta bayansa ko ƙarshensa, yana zafi sosai? In ba ka iya taku huɗun ba, ko ƙashin da kansa ke zafi, je ka ɗauki hoto kafin kowa ya ja maka ƙafa.

Akwai kuma alamomin da ba na zaman gida ba ne, ko da dare ne:

Sharaɓa ɗaya ta kumbura, ta yi ɗumi, tana ciwo, ba tare da ka buge ba, musamman bayan doguwar tafiya, haihuwa, tiyata ko doguwar jinya. Wannan na iya zama gudan jini a jijiyar da ke can cikin naman ƙafa. Kada a tausa, kada a gasa, kada a yi ƙaho. In gudan ya ɓalle huhu yake nufa. In numfashi ya fara sarƙewa ko ƙirji na suka, a tafi asibiti a take.

Fitsari ya koma kalar shayi mai kauri bayan aiki mai tsanani, ga ciwo fiye da kima da kasala. Alama ce tsoka ta narke ta zuba cikin jini, ƙoda kuma ita ke ɗaukar wahalar. An fi ganin haka ga sababbin shiga horo da masu aiki cikin tsananin rana.

Ƙafa ko hannu ya yi tauri kamar itace, yatsu sun yi sanyi, sun sage ko sun canza launi, musamman bayan an ɗaure. A kwance ɗaurin nan da nan, a tafi asibiti.

Mataki na biyu: kwana biyu zuwa uku na farko, in rauni ne

Daina abin da kake yi. Na san wannan ya fi komai wuya ga ɗan ƙwallo, domin saura minti goma a tashi kuma ana bin ku ɗaya. Ni kaina na taɓa ƙarasa wasa a kan sharaɓar da ta ɗan yage, abin da zai ci mako biyu ya ci min kusan wata biyu.

Nemi ƙanƙara. Ledar ruwan sha da ta daskare ta isa. Naɗe ta a tsumma mai ɗan laima, kada ta taɓa fata kai tsaye, ka ɗora minti 15, iyaka 20. Cire, ka bar wurin ya koma ɗuminsa, sai bayan awa biyu ko uku ka maimaita in ciwon na damunka. Kada ka yi barci da ita a jiki.

Me ƙanƙarar ke yi? Tana kashe zafin ciwo, tana ɗan rage kumburi. Iyakarta ke nan. Wani likitan wasanni ɗan Amurka, Gabe Mirkin, shi ya yaɗa tsarin nan na hutu, ƙanƙara, ɗauri da ɗaga ƙafa a 1978, duniya ta ɗauka. A 2014 shi da kansa ya fito ya ce yawan ƙanƙara da cikakken hutu na iya jinkirta warkewa, domin kumburin da ake yaƙa wani ɓangare ne na gyaran. Abin da na ɗauka daga nan: ƙanƙara ta yinin farko da na biyu ce, don samun sauƙi. Wanda ke sa ta har mako guda yana hana ɗan aike shiga gida ne.

Masu sikila kada su kusanci ƙanƙara ko wankan ruwan sanyi ƙarara. Sanyi na matse jijiyoyin jini, yana iya tayar da ciwon. Wannan ba ƙaramar magana ba ce a wurinmu, tunda Najeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu cutar, amma shawarwarin da ke yawo a intanet ba su cika ambatonta ba, domin ba don mu aka rubuta su ba. Masu ciwon suga da ƙafarsu ta daina ji sosai su ma su yi hattara da sanyi da zafi duka, don fata na iya ƙonewa ba su sani ba.

Sai ɗauri. Samu bandeji mai talewa. Fara naɗi daga ƙasa, wajen yatsu, kana hawa sama, kowane zagaye ya rufe rabin na baya. Ya kama amma kada ya shaƙe: yatsanka ya iya shiga ƙarƙashinsa. Bar yatsun ƙafa a waje don ka riƙa duba launinsu. Danna farce ya yi fari ka saki. In bai dawo da launinsa cikin daƙiƙa biyu zuwa uku ba, ɗaurin ya yi yawa. Sassauta shi da dare. Ba na raina masu ɗori, akwai masu hannu a cikinsu, kuma a ƙauyuka da yawa su ne ke kusa. Amma likitocin ƙashi, a asibitin ƙashi na Dala da ke Kano da sauran wurare, sun sha karɓar yaran da aka ɗaure musu hannu da karare tamau har jini ya daina zuwa, hannu ya ruɓe. Garin gyaran gira a rasa ido. Ko wa ya yi ɗaurin, gwajin farcen nan haƙƙinka ne.

Ɗaga wurin sama da ƙirji in kana kwance. Matashi biyu a ƙarƙashin ƙafa sun wadatar. Ɗora ƙafa a kan kujera kana zaune bai kai ba, ruwan kumburi ba ya hawa tudu.

A waɗannan kwanakin, ajiye abubuwa uku: ruwan zafi, man zafi da tausa mai ƙarfi. Dukkansu suna ƙara zubar jini a cikin naman da bai gama tsayawa ba. Wannan shi ne kuskuren da aka fi yi a gidajenmu. Yaro ya dawo da targaɗe, da magariba an dafa ruwa an gasa an murza, da safe ƙafa ta zama kamar tulu.

Mataki na uku: ɗumi da motsi

Daga rana ta uku, in kumburi ya daina ƙaruwa kuma wurin ya daina ɗumi, lokacin gashi ya yi. In tsamin jiki ne kawai, ba sai ka jira ba, tun ranar farko za ka iya.

Ruwan ya zama wanda za ka iya barin gwiwar hannunka a ciki ba tare da ka janye ba. Tsoma tawul, matse, ɗora minti 15 zuwa 20, kana sabuntawa in ya huce. Sau biyu ko uku a yini. Ɗumi na buɗe ƙananan jijiyoyi, yana sassauta tsokar da ta ƙanƙame. Zafin da ya wuce haka ba ya ƙara komai sai ƙuna. Kada kuma ka shafa man zafi sannan ka ɗora tawul mai zafi a kai, ko ka ɗaure shi tamau. Haka mutane ke saluɓe fata. Su Robb da Aboniki da danginsu aikinsu a fata yake, suna ba ka jin zafi ko sanyi da ke danne ciwon na ɗan lokaci. Ba laifi, amma ba a sa su a kan buɗaɗɗen ciwo.

Abin da ya fi gashin muhimmanci shi ne motsi. Tsoka da kanta famfo ce: duk lokacin da ta matse ta saki, tana tura jini gaba. Ga ma'auni mai sauƙi. Ka auna ciwon daga sifili zuwa 10. Motsin da ciwonsa bai wuce 3 ba, kuma washegari bai ƙaru ba, mai kyau ne. Wanda ya sa ka ɗingishi ko ya ƙara kumburi, ka yi gaggawa, koma baya taki ɗaya.

Ga idon sawu, fara da zaune: ɗaga yatsu sama, tura su ƙasa, sau 20. Zana da'ira da babban yatsa ta dama da ta hagu. Bayan kwana biyu ka tsaya ka dafa bango, ka ɗaga dugaduganka biyu ka sauke a hankali, sau 10, zagaye uku. In wannan ya zama wasa, koma ƙafa ɗaya. Sai tsayuwa a ƙafa ɗaya na daƙiƙa 30, kana goge baki ma za ka iya. Wannan na ƙarshen kamar shirme, amma shi ke koya wa gaɓa sanin inda take, rashinsa kuma ke sa mutum ya yi ta targaɗe a ƙafa ɗaya shekara da shekaru.

Ga tsamin jiki, tafiyar minti 20 zuwa 30 ko tuƙa keke a hankali ta fi kwanciya. Manomi ya san wannan tun kafin a rubuta: ranar farko ta huɗa ce mai wuya, in ka daure ka koma da aiki mai sauƙi, zuwa mako jiki ya saba. Kuma gaskiya ne, tsokar da ta yi tsami sau ɗaya ba ta sake yin irinsa a kan aiki ɗaya har tsawon makonni. Miƙe jijiyoyi kafin wasa ko bayansa yana da daɗi, yana taimaka wa gaɓoɓi su saki, amma da aka tattara binciken da aka yi a kansa an ga kusan ba ya rage tsamin jiki.

Mataki na huɗu: tausa, da yadda ake yinta

Tausa tana rage ciwo, wannan kowa shaida ne. A 2012 masu bincike a jami'ar McMaster ta Kanada sun sa wasu samari sun tuƙa keke har suka gaji liƙis, aka yi wa ƙafa ɗaya tausa ta minti 10 aka bar ɗayar, sannan aka ɗebi ɗan nama daga kowacce aka duba. Wadda aka tausa ta nuna raguwar alamomin kumburi. Amma sinadarin tsamin nan da ake cewa tausa na fitarwa, babu bambanci tsakanin ƙafafun biyu.

Wanda za a yi wa ya kwanta, tsokar ta saki. Ɗumama man kaɗanya ko man zaitun a tafin hannu. Fara da shafa mai sauƙi da dukan tafi, daga ƙasa zuwa sama, wato kana nufar zuciya, domin haka jinin da ke komawa yake tafiya. Minti biyu zuwa uku. Sai ka shiga murza naman kamar mai kwaɓa fulawa, a hankali, kana tambayarsa. In ka sami wuri mai ƙulli, ɗora babban yatsa ka danna daidai inda zai iya jurewa yana numfashi ba tare da ya ƙanƙame ba, ka riƙe daƙiƙa 20 zuwa 30, ka saki. Rufe da shafar farko. Minti 10 zuwa 15 ga kowane sashe ya isa.

Kauce wa bayan gwiwa, hammata, matsematsi da gaban wuya, nan manyan jijiyoyi suke a fili. Kada ka murza jijiyoyin da suka fito suka kanannaɗe a ƙafa. Al'adar nan ta sa yaro ya hau baya ya tattaka, in ƙaramin yaro ne kuma a kan naman gefe ne, da sauƙi. Babba ya taka tsakiyar gadon baya kuwa neman fitina ne. Cinyar da aka yi wa gwiwa a wasa har jini ya kwanta, ita ma kada a matsa mata da wuri, domin wani lokaci ƙashi kan tsiro a cikin naman da aka dama.

Na'urar tausa mai bugu da ake tallatawa a Facebook da TikTok tana yin abin da hannu ke yi, ba fiye ba. In kana da ita, minti ɗaya zuwa biyu a kan kowace tsoka, ban da ƙashi da wuya. In ba ka da ita, kwalbar lemo ko ƙwallon tanis a ƙarƙashin tafin ƙafa ko cinya na biyan buƙata.

To ƙaho fa?

Wannan tambayar ba ta taɓa rasa mai yinta. Ƙaho tsohon abu ne a wurinmu, ya zo a hadisi, wanzamai kuma sun gaje shi kaka da kakanni. A gasar Olamfik ta Rio a 2016, da aka ga jajayen da'irori a kafaɗun ɗan ninƙayan Amurka Michael Phelps, sai duniya ta yi ta mamakin abin da kowane tsoho a Katsina ke ɗauke da tabonsa a baya. Nasa dai busasshe ne, ja kawai babu tsaga. Mutane da yawa na samun sauƙin ciwon baya da na wuya bayan an yi musu, na ɗan lokaci. Amma baƙin jinin da ke taruwa a ƙahon ba mataccen jini ba ne da ya maƙale a tsoka, jinin fata ne da ya daskare, kuma ƙaho ba ya ɗinke tsokar da ta yage.

In za ka yi, abin da ba a sassauci a kansa shi ne ƙarfe. Sabuwar reza, a ɓare ta a gabanka, ko ka zo da taka. Kofunan roba na mutum ɗaya sun fi ƙahon da ya zagaye unguwa, domin ciwon hanta nau'in B da C da cuta mai karya garkuwar jiki duk ta jini suke bi. Kada a yi a kan sabon rauni, ko ƙafar da ta kumbura, ko jijiyoyin da suka fito. Mai shan maganin tsinka jini, mai ƙarancin jini, mai ciki, da mai ciwon sugan da rauninsa ba ya saurin warkewa, su haƙura.

Mataki na biyar: abin da ke shiga ciki

Ba a gini sai da bulo. Mai motsa jiki sosai na buƙatar abinci mai gina jiki kimanin giram 1.2 zuwa 2 ga kowane kilo na nauyinsa a yini, wato mai kilo 70 yana neman giram 84 zuwa 140. Ƙwai ɗaya na ba da kusan giram 6. Gyaɗa da busasshen wake, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsu mai gina jiki ne. Saboda haka ƙosai da kunun gyaɗa da safe, shinkafa da wake da rana, fura da nono da yamma, awara ko kifi ko ƙuli-ƙuli a tsakani, sun fi ƙarfin gwangwanin garin da ake sayarwa da tsadar gaske a wuraren motsa jiki. Rarraba shi cikin yini ya fi a narka duka da dare.

Ruwa kuwa, fitsarinka ne ma'auni. In ya yi fari-fari kana daidai, in ya yi ja kana bin jiki bashi. Wanda ya yi gumi sosai a zafin Afrilu ya haɗa ruwan gishiri da suga: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali 6 na suga a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. A watan azumi ka mayar da motsa jiki mai ƙarfi bayan buɗa baki ko bayan tarawihi, ka kuma riƙa kurɓar ruwa daga magariba zuwa sahur maimakon ka ɗura shi lokaci ɗaya.

Barci awa 7 zuwa 9. A cikin barci mai nauyi jiki ke sakin mafi yawan sinadarin da ke gina nama. Wanda ya yi atisaye da yamma ya kwana yana kallon ƙwallon Turai da danna waya har ƙarfe biyu, kada ya zargi mai tausa.

Ƙwayoyi: farasitamol ya isa ga yawancin ciwo, babba kada ya wuce giram 4 a yini. Ibufurofen da diklofenak suna aiki, amma a cikin da babu abinci suna cin tumbi, a jikin da ba ruwa suna taɓa ƙoda. Mai olsa, mai hawan jini, mai ciwon ƙoda da mai ciki su tambayi likita tukuna. Haɗin maganin gajiya da ake ƙullawa a leda ba ka san me ke ciki ba, sau da yawa biyu daga cikinsu dangi ɗaya ne, ka ninka illa ba ka sani ba. Tiramol kuwa, da leburori da 'yan acaɓa da yawa suka faɗa masa ta ƙofar gajiya, ba ya gyara komai. Yana kashe ƙararrawar da ke gaya maka ka tsaya ne kawai, sannan ya kama ka.

Ga wanda ba wasa ya gajiyar da shi ba, zama ne ko tsayuwa

Tela, direba, mai shago, mai aikin ofis, malamar da ke tsaye tun safe: korafinsu ɗaya, ƙafa ta yi nauyi da yamma, takalmi ya matse. Zuciya na tura jini ƙasa cikin sauƙi, dawowarsa sama kuwa sai sharaɓa ta matsa, shi ya sa ake mata laƙabi da zuciya ta biyu. In ba ta motsi jini sai ya yi kwance.

Duk minti 30 zuwa awa ɗaya ka tashi ka taka na minti biyu. In ba halin tashi, ɗaga dugadugai sau 20 kana zaune. Da dare kwanta ka jingina ƙafafu a bango minti 10 zuwa 15. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2007 cewa zaman tafiya na awa 4 ko fiye yana kusan ninka haɗarin gudan jini a ƙafa. Jirgin alhazai ya kai haka, motar Kano zuwa Legas kuwa ta ninka shi sau da yawa. Duk inda direba ya tsaya sallah ko cin abinci, sauka ka zagaya, ko da ba ka jin yunwa.

Akwai safa mai matse ƙafa da ake samu a manyan kantunan magani. Tana da lambar da ke nuna ƙarfin matsinta: 15 zuwa 20 ita ce mai sauƙi ta matafiya da masu tsayuwa, 20 zuwa 30 sai da shawarar likita. A auna idon sawu da sharaɓa kafin a saya, a sa ta da safe kafin ƙafa ta kumbura, a cire da dare, kada a naɗe bakinta ya zama kamar igiya. Wanda ƙafarsa ke yin sanyi, ko sharaɓarsa ke ciwo in ya yi tafiya ta daina in ya tsaya, musamman mai shan taba ko mai ciwon suga, kada ya sa sai an duba shi, domin nasa jinin zuwa ne bai isa ba, matsewa ƙara tsananta shi za ta yi. Kumburin ƙafa biyu da ba ya sauka da safe, ko mai haɗe da haki, na iya zama daga zuciya ko ƙoda ko hanta, ba aikin safa ba ne.

Wankan ƙanƙara da ake ganin 'yan wasan Turai na shiga cikin baho, ruwan kan kasance digiri 10 zuwa 15, na minti 10 zuwa 15. Yana da amfani ga wanda zai sake buga wasa gobe ko jibi. Amma wani bincike da aka yi a Ostireliya aka wallafa a 2015 ya nuna masu ɗaga ƙarfe da suka riƙa shiga ruwan sanyi bayan kowane atisaye na mako 12 ba su yi ƙarfi da girman tsoka kamar waɗanda suka ɗan tuƙa keke kawai ba. In damtse kake nema, wankan randa ya ishe ka.

Yaushe za a koma fili ko gona?

Kada ka ƙirga kwanaki, gwada ƙafar. Ka iya tafiyar minti 30 ba ɗingishi? Ka iya ɗaga dunduniya a ƙafar da ta ji ciwo sau 20, kamar yadda lafiyayyar ke yi? Ka iya tsalle a kanta sau 10 ba tare da ka yamutsa fuska ba? In eh, fara sassarfa a miƙe. Bayan kwana biyu ƙara sauri. Sai juyi da lanƙwasa, sai taɓa ƙwallo kai kaɗai, sai rabin wasa. Tsakanin kowane mataki bar yini ɗaya ka ji abin da ƙafar za ta ce da safe. Manomi ma haka: rabin yini tukuna, da fartanya kafin garma.

In mako biyu sun wuce babu ci gaba, ko wuri ɗaya ya sake yagewa karo na biyu, nemi sashen gashin ƙashi a babban asibitin da ke kusa da kai. Tafi da hoton da ka ɗauka in akwai, ka rubuta ranar da abin ya faru da sunayen magungunan da ka sha, ka kuma sa wando mai faɗi da za a iya naɗewa har cinya.